Takardar tambayoyi za ta iya gano yadda ɗalibin likita ke kallon mai shan ƙwaya?

'Yar Bagalam ta rubuta:

Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ni ɗalibar likita ce a nan Maradi, ina ajin ƙarshe, kuma aikin bincikena na kammala karatu a kan yadda ɗalibai 'yan'uwana ke kallon marasa lafiyar da shaye-shaye ya kama ne, musamman masu shan tramol. Ina neman shawarar duk wanda ya taɓa irin wannan aiki, ko wanda ya daɗe yana gardi, wato kwanan aiki, a asibiti.

Malamin da ke duba aikina ya ba ni wani ma'auni da ake kira MCRS, wanda Christison da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2002. Jimloli 11 ne kawai. Ana rubuta sunan cuta a sama, ɗalibi ya karanta kowace jimla ya zaɓi lamba daga 1 zuwa 6 gwargwadon yardarsa da ita. Akwai mai cewa irin waɗannan marasa lafiya suna ba ni haushi. Akwai mai cewa ba zan damu ba in an tashe ni cikin dare don in duba su. Akwai mai cewa kashe kuɗi a kansu asara ce. In an haɗa maki, bayan an juya na jimlolin raini, na ƙasa 11, na sama 66, kuma yawan maki na nuna girmama marar lafiya.

Na gwada shi da Faransanci a kan 'yan ajinmu bayan an tashi darasi. Sakamakon ya yi kyau har ya ba ni tsoro. Kowa mai tausayi, ba mai jin haushi, kowa a shirye yake ya bar barcinsa.

To amma ni da su muke gardi. Kwanan baya, wajen ƙarfe biyu na dare, aka kawo wani saurayi a kan kabu-kabu, an sa shi tsakanin mai tuƙi da abokinsa, ƙafafunsa na jan ƙasa, ya ciji harshe jini ya ɓata gaban rigarsa. Abokin ya zaro ragowar fakitin ƙwaya daga aljihun wandon yaron ya miƙa mana, an rubuta 225 a jiki, wato miligiram ɗin da ke cikin kowace ƙwaya. Daga ganin fakitin nan muryar ɗakin ta canja. Ɗaya daga cikinmu ya ce, "Ai ɗan tramol ne, zai farka da kansa." Ba zan yi wa kowa ƙage ba, an yi masa allurar tsayar da jijjiga, an ɗaura masa ruwa. Sai dai har gari ya waye sunansa "ɗan tramol na gadon bakin ƙofa", alhali sunansa na nan rubuce a kati. Wanda ya yi maganar nan kuwa na san hannunsa, lamba 6, wato cikakkiyar yarda, ya zagaye a jimlar tashi cikin dare.

Ga kuma wata jimla da ke tambaya ko ya kamata kamfanin inshora ya biya wa irin waɗannan marasa lafiya kamar yadda yake biya wa sauran. Wace inshora? A nan dangin marar lafiya ne ke ruga wa farmasi da takardar magani, su sayo ruwa, allura, har safar hannu. In ka cire yara 'yan ƙasa da shekara 5 da aka ce kyauta ne tun 2006, da tiyatar haihuwa, kusan komai daga aljihu yake fita. 'Yan ajinmu da yawa tsakiya kawai suka zagaye suka wuce.

Shin in bar wannan ma'auni in ɗauki wani? Na ga akwai wasu ma'aunai na ra'ayi a kan masu shaye-shaye, SAAS na 1985 mai jimloli 50, da kuma DDPPQ. Ko dai duk takarda haka za ta yi mini? Ba na son in tsaya gaban malamai in ce ɗalibanmu ba su da matsala, alhali kunnena ya ji akasin haka.

Malam Mai Ƙididdiga, daga Yamai, ya amsa:

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. Kada ki jefar da MCRS tukuna. Yadda aka raba shi ne ya ba ki wannan sakamako.

Kin ce kin san hannun wanda ya cika. To shi ma ya san kin san hannunsa, ya kuma san takardar za ta bi ta teburin malamin da zai ba shi maki wata rana. Wa zai rubuta "suna ba ni haushi" a wannan hali? Ki sa wani wanda ba ɗan ajinku ba ya raba, a yi zane kawai ba rubutu, kowa ya ninke tasa ya jefa a kwali rufaffe. Ko ki tura musu ta waya ba tare da neman suna ko lamba ba. Kada kuma ki tambayi shekaru da unguwa da jinsi gaba ɗaya, don a ƙaramin aji waɗannan uku sun isa a gane mutum. Akwai ma'aunin Marlowe da Crowne na 1960 da ke gwada yadda mutum ke son nuna kansa nagari, jimloli 33, da gajerensa mai 13. Ki liƙa gajeren a baya, ki ga ko masu makin tausayi mai yawa su ne masu son a yabe su.

Abu mafi muhimmanci, makin MCRS shi kaɗai ba ya gaya miki komai. An yi shi ne don kwatanci. Ɗalibi ɗaya ya cika shi sau uku: ga mai ciwon suga, ga mai ciwon damuwa, ga mai shan tramol, kina sauya wanda ke zuwa farko daga takarda zuwa takarda. Tazarar da ke tsakani ita ce sakamakonki. Mutum na iya ƙawata amsarsa, amma da wuya ya ƙawata duka ukun daidai wa daida. Haka Gilchrist da abokan aikinta suka yi da ma'aikatan lafiya a ƙasashen Turai 8, aikin ya fito a 2011, suka ga masu shan ƙwaya sun fi masu suga da masu damuwa samun ƙarancin maki.

Na biyu, ki daina tambayarsu me suke ji kawai, ki tambaye su me za su yi. Ki rubuta gajeren labarin marar lafiya iri biyu. Saurayi mai shekara 24, an kawo shi yana jijjiga, jikinsa da zafi, komai iri ɗaya, sai dai a ɗaya an ƙara layi guda: an sami fakitin tramol a aljihunsa. Rabin aji su sami wannan, rabi su sami wancan, ta hanyar ƙuri'a, ba wanda ya san akwai iri biyu. Tambayoyin su zama na aiki: wane awo za ka fara nema, wa za ka fara dubawa tsakaninsa da wani, yaushe za ka sake leƙa shi. Kelly da Westerhoff sun yi makamancin haka a 2010 da ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa sama da 500. Lakabin da aka kira marar lafiya da shi kawai suka sauya a labarin, sai waɗanda suka karanta mai lakabin zargi suka fi karkata ga cewa laifinsa ne kuma a hukunta shi.

Maganar inshora, ki sauya ta da abin da ke akwai, misali ko ya cancanci taimakon da asibiti ke ba marasa galihu kamar kowa. Amma ki faɗa a fili kin sauya, ki yi lissafi da ita da kuma ba ita, ki duba alfa ta Cronbach, wato lissafin da ke nuna ko jimlolin abu ɗaya suke aunawa, ko ta kai 0.7. SAAS kuwa tsawo gare shi, kafin a kai jimla ta 30 an fara zane ido rufe. DDPPQ an yi shi ne don masu aiki da irin waɗannan marasa lafiya, ba zai dace da ɗan ajin farko ba.

Tsohon Manjo, wato tsohon shugaban masu jinya a asibiti, ya amsa:

Ɗiyata, ni ban san alfa ba ban san Cronbach ba, a ɗakin marasa lafiya na tsufa. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, shi ya sa zan sa baki.

Malam ya yi gaskiya a kan labarin iri biyu, amma akwai wanda ya fi labarin ƙirƙira, wato katunan marasa lafiya da ke jibge a ma'ajiya. Ki nemi izini ki buɗe na samarin da aka kawo suna jijjiga. Ki raba su gida biyu, waɗanda aka rubuta tramol a kai da waɗanda ba a rubuta ba. Sai ki duba abu uku: an auna suga? An yi awon zazzaɓin cizon sauro? Akwai wanda ya rubuta ya taɓa wuya ya ji ko ya sanƙare? Mu a Maradi da damina zazzaɓi ke hawa kai, da bazara sanƙarau ke shigowa. Fakitin ƙwaya a aljihu bai hana mutum kamuwa da ko ɗaya. Lokacin noma ma, in kika laluba aljihun 'yan ƙwadago da masu turin baro da masu kabu-kabu, za ki sami wanga fakiti wajen da yawa, don da shi suke jure rana. Haɗarin wanga suna na "ɗan tramol" shi ne da an faɗe shi tunani ya tsaya. An sami dalili, ba a neman wani. Na ga wanda aka bari ya "farka da kansa" ashe suga ne ya faɗi ƙasa, Allah ya sa wata ƙaramar ma'aikaciya ta tsikari yatsansa.

Ba na musun ƙwayar na kayar da mutum. Abin da littafi ya yarda babba ya sha a yini bai wuce miligiram 400 ba, na asibiti kuwa 50 ne ko 100. Wanda ya haɗiye biyu na 225 da shayin safe ya riga ya ƙetare iyaka, ita kuma tramol halinta ne ta jawo jijjiga. Sai dai sanin haka ya kamata ya ƙara maka gudu zuwa gadon, ba ya rage ba.

Inda zan ja da ke da Malam shi ne wata jimla a cikin takardar taku, wadda ke cewa babu abin kirki da zan iya yi wa irin waɗannan marasa lafiya. Ku kuna ƙirga wanda ya yarda da ita a matsayin mai raini. To a wajenmu yaron da ya yarda da ita wataƙila gaskiya ya faɗa. An koya masa tsayar da jijjiga. Bayan ta tsaya fa? Mi zai ce wa yaron da safe? Ina zai tura shi? Ya san in mai sha kullum ya bari kwatsam zai kama zufa, ciwon gaɓoɓi, zawo, rashin barci da tsoro, har ya koma sha don ya samu sauƙi? Wanda bai san abin yi ba haushi yake ji, kuma a kan marar lafiya yake sauke shi. Na ga yara masu kyakkyawar zuciya sun zama masu tsawa saboda wanga kawai. In kika haɗa rashin sani da raini a kwando ɗaya, maganin da za ki rubuta a ƙarshen littafinki wa'azi ne, alhali darasi suke buƙata. Ki sa musu tambayoyin ilimi daban, ko da guda goma, ki ga ko masu ƙarancin sani su ne masu ƙarancin maki.

Ki kuma ƙara labari na uku: mai ciwon sikila da ya shigo yana kuka ya kira sunan allurar da ke yi masa aiki. Ki ga nawa za su ce ya saba ne, a ba shi farasitamol. Waɗannan bayin Allah suna shan zargin da ba nasu ba.

Ɗan Aji Shida ya amsa:

Yaya, ina jin har da irinmu ake nufi, to bari in kare mu kaɗan. Mutum biyu ne a gardi, gadaje cike, ga uwa riƙe da yaron da jini ya ƙare masa, ga mai haɗarin mota. Sai a kawo wanda ka sallama makon jiya da matsala iri ɗaya, abokansa na yi maka ihu a ka. In na ja tsaki, gajiya ce ko raini? Ki sa tambaya a kan gardi nawa mutum ya yi a watan, da ko an taɓa zaginsa ko kai masa hannu a wajen aiki.

Sannan yawancinmu mun taso da sanin cewa abin maye haramun ne, kuma ba takardar da za ta cire mana wannan. Amma ganin abu zunubi ne daban, ƙin kula da mai shi daban. Ki raba su a tambayoyinki. In kika cuɗa su, duk mai addini zai fito a matsayin mugu a jadawalinki.

Yayan Wani ya amsa:

Ni ɗan kasuwa ne, ban yi karatun likita ba, ku yi haƙuri da shisshigi. Ƙanena kabu-kabu yake yi, hanyar Ɗan Isa, tun asuba har dare. Da rabin ƙwaya ya fara don ciwon baya, mai shayi ne ya ba shi. Kafin mu ankara ya kai inda ba ya iya tashi sallar asuba sai ya sha.

Duk kuna maganar tambayar ɗalibai. Mu fa, wa zai tambaye mu? Ranar farko da ya faɗi, da aka tambaye mu ko yana shan wani abu, dukanmu muka ce a'a, har mahaifiyarmu da ta sha tsintar fakitin a ƙarƙashin katifarsa. Ba don komai ba sai don mun ga yadda aka amsa wa na gadon kusa da mu da iyayensa suka faɗi gaskiya. Aka yi ta sa mu awo, har hoton kai, kuɗi suka tafi a banza.

A karo na gaba wata likita ce ta jawo kujera ta zauna, ta sa muka fita sai ni, ta kira shi da sunansa ta ce, "Guda nawa kake sha a rana, kuma ja ne ko kore?" Kamar mai tambayar farashin gero. Bai taɓa gaya wa kowa adadin ba, ranar ya faɗa. Ita ce ta bayyana mana cewa ba a yanke shi rana ɗaya, a hankali ake ragewa, ta kuma ce in ya koma sha mu dawo da shi kada mu ji kunya. Ya koma, mun dawo. Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi.

Likita, in da hali ki tsaya a bakin ƙofa ki tambayi masu fita: an kira ka da sunanka? An gaya maka abin da ke damunka? In ka sake faɗuwa za ka yarda a dawo da kai nan?

'Yar Bagalam ta sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Yaya, Allah ya ƙara wa ƙanenka lafiya ya tsare shi. Tambayoyinka uku na kwafe su yadda ka rubuta. Ba za su shiga wannan aiki a matsayin babban sashe ba, don izinin da nake da shi na ɗalibai ne, amma zan nemi malamina ya yarda in zauna da wasu iyalai kafin in rubuta labaran gwajin, don su fito da kamannin gaskiya.

Baba Manjo, maganarka a kan jimlar "babu abin da zan iya yi" ta sa na koma kan takardun gwaji. In aka cire ta inshora, ita ce kaɗai jimlar da 'yan ajinmu suka rarrabu a kai, sauran duk baki ɗaya ne. Zan fitar da sakamakonta ita kaɗai, gefe da tambayoyin ilimi. Ƙanena na aji shida, zan sa tambayar gardi da ta zagi, zan kuma raba laifi da kulawa. Amma tsakin nan naka marar lafiya na jinsa ko da gajiya ce ta kawo shi, wannan kam ba zan janye ba.

Malam, saura tambaya ɗaya. Ina son in raba wa 'yan ajin farko da na tsakiya da na ƙarshe. In na ga maki na raguwa daga ƙasa zuwa sama, zan iya cewa zaman asibiti ne ke ƙeƙasar da zuciya? Na karanta bitar da van Boekel da abokan aikinta suka yi a 2013 a kan bincike 28, inda suka ga ra'ayin ma'aikatan lafiya game da masu shaye-shaye galibi ba mai kyau ba ne, amma duk na ƙasashen Yamma ne, kuma ma'aikata ne ba ɗalibai ba.

Malam Mai Ƙididdiga ya amsa:

Ba za ki iya ba, ƙanwata. 'Yan ajin farko da na ƙarshe mutane ne daban, kin ɗauki hotonsu rana ɗaya. Wataƙila ɗan ajin farko bai taɓa ganin mai jijjiga ba, tausayinsa na wanda ba a jarraba ba ne. Wataƙila kuma na ajin ƙarshe ya daina jin tsoron malamai ne, shi ya sa ya fi faɗin gaskiya. Hojat da abokan aikinsa da suka nuna a 2009 cewa tausayin ɗaliban likita na faɗuwa a shekara ta uku, lokacin da aka fara shiga ɗakunan marasa lafiya, ɗalibai iri ɗaya suka bi shekara bayan shekara. Ke ki rubuta "akwai bambanci tsakanin azuzuwa", ki tsaya nan.

In kina son a ci gaba bayan kin tafi, ki sa kowane ɗan ajin farko ya ƙirƙiri lambar sirri da shi kaɗai zai iya tunawa, misali haruffa biyu na farkon sunan kakarsa da ranar watan haihuwarsa, ki bar wa malaminki kundin. Wanda zai yi aiki bayan shekara uku sai ya sake raba musu ya haɗa amsoshin. Katunan da Baba Manjo ya ambata kuma kada ki taɓa su sai da rubutaccen izinin shugaban asibiti da na kwamitin ɗa'a, kuma ba suna ko ɗaya da zai fita daga ɗakin ajiyar. Ki turo mini labaran gwajin in kin rubuta, in duba ko layin fakitin bai yi tsawon da zai tona asirin gwajin ba.